Maci-ƙuda a Gindin Hita

Har yau in na ji hitar ɗumama falona ta fara huci, sai raina ya ɓaci. Ba ita ta yi laifin ba, ni ce, amma mutum ba ya rasa abin da zai harara.

'Yata, ita kaɗai Allah ya ba ni, saura mata shekara biyu ta gama sakandare ta shigo gida da wani tsiro a 'yar tukunya. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kowane ganye baki ne, cikinsa ja, da haƙora sirara kamar gashin ido. Ƙuda ya sauka, ya ɗan motsa, sai bakin ya rufe ruf. Na ce a'uzubillahi, a garinmu akuya ke cin ganye, a nan ganye ke farauta. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni na raɗa masa suna maci-ƙuda, sunan kuma ya bi shi. Yarinyar da in na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Turanci, wannan kalma ɗaya dai da Hausa take faɗinta.

A waje ta ajiye shi, kan matattakalar ƙarfen da ke bayan tagar kicin, wadda aka yi don gudun gobara. Hawa na biyar muke a unguwar Highbridge, nan ƙasar waje, rana tana dukan wurin tun hantsi. Ruwan sama take tara masa a bokiti. Ban san yadda yake yi da sanyi ba, don ni da zarar sanyi ya shigo nake sakin labule, ba ni ba tagar nan sai an ga ganyen bishiya.

Da ta gama, ta samu jami'a can arewacin jihar, tafiyar wuni a bas. Na ce atafau ban yarda ba. Ga makarantu nan birjik, ki hau jirgin ƙasa na layin D ki je ki dawo ki ci tuwo a gidanku. Wata biyu muna ja-in-ja. Na yi kuka, na yi gaba da ita, har kawunta na sa ya yi mata faɗa ta waya daga Kano. Ta dai tafi. Ranar tafiya, muna haɗa kaya ba mai kallon wani, sai ta kira ni bakin taga ta ce ba za ta tafi da shi ba, ni za ta bar wa. Na gane. Sulhu ne take nema, kuma amana ce. Muddin yana hannuna, tana da dalilin kira da dalilin dawowa.

Ta ce, da Turancinta, "Umma, in sanyi ya zo ki sa tukunyar a wannan akwati, ki cusa tsumma a gefe. Zai yi baƙi, barci yake yi. Kada ki shigo da shi. Ruwan sama kawai, kuma kada ki ba shi komai."

Har takarda ta rubuta ta manna a firji. Na ce, "Ke, ni za ki koya wa shuka? Tun ban kai tsawon galma ba nake bin babana gona."

Duk Lahadi sai ta kira, tambayar farko kuma maci-ƙuda. In juya wayar ta gan shi. Daga nan hira ta ɓalle, abinci, malamai, 'yar ɗakinsu mai minshari. Rabon da mu yi hira haka tun tana ƙarama.

Nuwamba na kamawa ya fara baƙi. Na sa shi a akwatin yadda ta ce, amma kullum in na dawo daga asibitin da nake aiki sai in tarar wani bakin ya langaɓe. Wata rana maƙwabciyata, mutuniyar Damagaram, ta shigo karɓar daddawa ta leƙa. Ta ce, "Hajiya, wannan ai zalunci ne. Ko ɗan akuya ba a bari a wannan sanyi." Ba zan ɗora mata ba, abin da ke raina ta faɗa. Mu da in an yi ɗan sanyin da bai kai ya kawo ba, har 'yan tsaki muke kwasowa ɗaki.

Na shigo da shi, na ɗora a kujera gindin hita. Sai na duba ƙasar. Ƙasar banza, kamar dusa da yashi, ko gero ba zai yarda da ita ba. Na ce wannan yarinya yunwa take gana wa bawan Allah. Na je Fordham Road na sayo baƙar ƙasa mai taki na sauya masa. Na shayar da shi ruwan famfo. Tun da babu ƙuda, in na yi miya sai in tsinci 'yar tsoka in sa masa a baki. Ina wuce takardar firjin nan sau goma a rana, ban makance ba.

Kwana goma ya fitar da ganye biyu, dogaye, farare-farare. Zo ka ga fankama. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar Lahadi kuwa na ce mata sanyi ya yi yawa ba zan buɗe taga ba, yana nan a waje lafiya. Sau biyar na faɗi wannan ƙarya. Kafin ta ƙarshe bakunan da na ba nama sun ruɓe, sababbin ganyen sun kwanta.

Ta zo hutun Disamba. Ko rigar sanyi ba ta cire ba ta wuce kicin ta ɗaga taga. Akwati da tsumma, sai ƙanƙara. Ta juyo ta ga tukunyar a gindin hita. Ta durƙusa ta tona da yatsa, ta zaro gindinsa, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar albasa. A hankali ta ce sanyi ba ya kashe shi, taki ne ya ƙone saiwar, irinsa a fadama marar daɗi yake fitowa.

Na ce, "Tausayinsa na ji."

Sai ta ɗago ta yi mini Hausa, a karkace amma cikakkiya. "Umma, na faɗa miki. Na rubuta miki. Kin ce yana waje."

Shekara nawa ina roƙon yarinyar nan ta yi mini Hausa, ga abin da ta zaɓa ta fara da shi. Kunya ta kama ni, ni kuma kunya faɗa take zame mini. Na ce a kan ciyawa za ki titsiye uwarki? Sai ta miƙe. Ta zubar da ƙasata a shara, ta wanke tukunyar tas, ta sa a jakarta. Hutun bai ƙare ba ta koma.

Tana da wani maci-ƙudan yanzu. A hoton da ta aika wa 'yar kawunta na gan shi, a tukunyar nan, a bayan tagarta. Ni ba a aiko mini ba. Tana kira ranar Lahadi, ba ta fasa ba. Ya jiki, ya aiki, sai an jima. Ina jin haushinta, ina jin haushin kaina fiye da haka, kuma har yau bakina ya ƙi furta ki yi haƙuri.

Bokitinta yana nan a kan matattakala, yana cika in an yi ruwa. Shi dai ban shigo da shi ba.