Teburin da Na Bar Yayana a Kai

An kama yayana ba iƙama, wato takardar izinin zama, a bakin wani shagon gyaran firij a unguwar Sa'alaba ta Jidda, aka tura shi Kano. A Jidda aka haife shi, Kano kuwa a bakin Umma kawai ya san ta. Hausar ma yana ji ne, amma in zai mayar da magana sai Larabci ya riga ta fitowa.

Ba shi da waya a can. Abin da ya haɗa mu shi ne kartar intanet da ake kira poka, wadda ake yi da kuɗin bogi, ba riyal ba naira. Duk Juma'a tsakanin magariba da isha'i nakan shiga wani kafen intanet a unguwar Bagdadiyya, shi kuma ya biya kuɗin awa ɗaya a nasu can, mu zauna a tebur mafi arha. Kartar dalili ce kawai. A gefen teburin akwai ɗan gurbin rubutu, nan muke hirarmu.

Kafin in fita Umma takan ce, "Ka tambaye shi yana cin abinci kuwa?"

Shi kuma ya rubuto, "Gul laha, ka ce mata alhamdulillah, bas tuwon nan ba irin nata ba."

In na kawo mata sai ta sa in maimaita, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Yaya bai taɓa iya wasan ba, zubar da kartarsa yake yi don ya samu damar rubutu. Ni kuwa hannuna ya faɗa. Na tara kuɗin bogin nan har teburan manya suka buɗe min, inda abin da ake zubawa a hannu ɗaya ya fi abin da Yaya ya mallaka kaf. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ni da nake wuni ina ɗaukar kwali a sito, kafili, Balaraben da ya tsaya min nake aiki a ƙarƙashinsa, yana min tsawa, ga ni ina sa mutanen ƙasashen duniya suna ja da baya. Ɗan talaka ya samu sarauta, ko da ta allon kwamfuta ce.

Matsalar ita ce ba a barin mai ƙaramin jari ya zauna a can. Ina ganin sunansa ya yi kore, alamar ya shigo, gayyatarsa ta faɗo min, in ce bari in gama wannan hannun. Kafin in gama, awarsa ta ƙare. Sai in koma gida in ƙirƙiro wa Umma amsa. Na ce mata ya yi ƙiba. Na ce ya samu tsaron shago a kasuwa. Juma'a biyar ina haka, ko akwatin saƙo ban buɗe ba.

Ranar da wani ya kwashe ni tas a hannu ɗaya, na gangaro teburin ƙanana ina huci. Yaya ba ya nan. Sai a lokacin na ga saƙonsa, ya kwana tara yana jirana.

"Ya akhuya, na zo ban same ka ba, na sake zuwa. Halas, na gaji da garin da ba mai yi min magana. Akwai masu bi ta Cadi da Sudan su haye teku. Zan bi su in dawo gida. Na so mu yi shawara. Kar ka tayar wa Umma da hankali."

Na rubuta masa kar ya tafi, sau nawa ban sani ba. Sunansa bai sake yin kore ba. Ina kewarsa har yau, har da Hausarsa mai karyewa.

Da na koma gida Umma tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Me ya ce yau?"

Na gaji da ƙarya. Na ce, "Ya ce yana hanya, Umma."

Ta ajiye farantin, ta shiga ɗaki ta janyo katifarsa daga bayan kwaba, ta shanya a soro. Har ta bar duniya ba ta yarda baƙo ya kwana a kai ba.