Shuɗin Zanen Hajja Yelwa

Da zarar an gama karin kumallo, Hajja Yelwa takan fito daga gidanta a Yerimaram, jaka rataye a ƙarƙashin hijabi, ta tsaya bakin titi tana jiran keke napep. Ba wani abin kirki ba ne a jakar: waya mai fasasshen gilashi, goro, da wani tsohon shuɗin zane da wanki ya cinye launinsa. Direbobin unguwa sun daina tambayarta inda za ta, don ba ta faɗi. Takan ce a ajiye ta a kwana kaza, ta jira keken ya ɓace, sannan ta taka da ƙafa zuwa gidan da aka kira ta. Daga wannan gida ta faɗa wancan har azahar, ta dawo ta yi salla, ta zauna a kan tabarma tana amsa masu kira daga garuruwan da ba ta taɓa takawa ba.

Aikinta ba shi da suna. Dillaliya ce da fari, mai yawo da atamfofi da kwanuka gida-gida, har ta lura cewa matan da take shiga gidajensu suna kashe watanni suna kiwon rago ko sa, a ƙarshe a kai shi kasuwa a tsayar cikin ɗaruruwan 'yan uwansa, babu wanda ya san abin da ya ci ko hannun da ya rene shi. Sai ta fara ba da labarin dabbobin da baki ga mahauta da masu neman abin layya. Da wayar hannu ta zo, ta koma aika saƙon murya, daga baya ta koyi ɗaukar bidiyo tana sakawa a guruf-guruf na WhatsApp. Manoman ƙauye ma suka ji labari, suka fara aiko mata a zo a ga wakensu da riɗinsu.

To amma mu mutanen nan ba ma son a ga abinmu. Ka tambayi manomi yaya damina, ko da rumbunsa na shirin fashewa zai ce maka da godiya dai. Ana tsoron baki, ana tsoron ɓarawo, ana tsoron ɗan uwa mai zuwa rance. Ni kaina mai wannan rubutu, in na ji mutum yana zuba wa kaya yabo, aljihuna nake fara dafewa. A irin wannan gari mace ta ɗauki waya tana shiga gidajen mutane tana haska dukiyarsu. Dole a sa mata ido, kuma an sa.

Ita ma ta san da haka, don 'yar gari ce, tsoron da ke cikinmu yana cikinta. Shi ya sa kafin ta taɓa waya sai ta fiddo shuɗin zanen nan ta shanya shi a kan igiya, a jawo dabbar a tsayar a gabansa. Mai kallo ba zai ga katanga ba, ba zai ga bishiya ko ƙofa ba, balle ya gane gidan. Ba ta kama sunan mai kaya, ba ta faɗin adadi, ba ta haska dabba biyu a tare. Takan fara da masha Allah, sannan ta shiga labari kamar mai hira da maƙwabciya. Mai saye a gidanta yake samun kayansa, ba a gidan mai shi ba.

Zanen da ta kawo don ta kwantar wa mutane hankali, shi ya fi tayar musu da shi. Aka ce an yi masa wankan asiri, duk wanda ya kalle shi sai ya saya. Wata ta rantse ta ji ƙamshin turaren aljanu a jikinsa. Warin raguna ne kawai da sabulun wanki, na shinshina da kaina.

Ari Yaji, wani manomi a yankin Fika, yana cikin waɗanda suka fi ƙin ta da fari. Yakan adana wakensa da toka da barkono kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi, kuma kunyar hakan yake ji, yana ganin ƙauyanci ne. Matarsa ce ta kira Hajja a bayan idonsa. Hajja ba ta ce waken ya fi na kowa ba. Ta zuba tafi guda a kan zanen, ta nuna tokar, ta ba da labarin tsoho mai atishawa duk ranar da aka buɗe rumbu. Mata masu tsoron waken da aka zuba wa magani suka yi ta kira. Ari Yaji da bakinsa ya gaya mini cewa ya kwana biyu yana jiran ya ga abin da za ta nema a wurinsa bayan ladanta, bai ga komai ba, kuma wannan ma ya dame shi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar san Halimatu Sadiya.

Halimatu Sadiya mace ce da mijinta ya rasu ya bar ta da yara da wani jan maraƙi da uwarsa ta mutu yana ɗan kwanaki. Da kunu ta rene shi a ƙwarya, yadda ake renon jariri. Ya girma ya zama ƙaton sa mai farin tabo a goshi, amma bai manta ba: in ya ji an ƙwanƙwasa ludayi a bakin ƙwarya, sai ya bar harawa ya nufo wurin yana jan igiya. Da lokacin sayarwa ya yi, Hajja ta zo ta shanya zanenta, ta ba da wannan labari, ta ƙwanƙwasa ludayin, san ya taho ya cusa hancinsa har cikin waya. Bidiyon ya zaga sosai. Ba a yi mako ba aka wayi gari an fasa katangar bayan gidan Halimatu, turke ya zama wayam.

Mallam Saleh, wan mijin Halimatu, shi ya fara furta kalmar da kowa yake tsoro. Ya ce infoma ce. Ya ce da ma ya faɗa, mace mai hana direba sanin inda za ta, mai yawo da zanen tsafi, ba za ta rasa abokan hulɗa a daji ba. A irin shekarun da garin nan ya gani, wannan kalma ba abin wasa ba ce. Wanda aka liƙa wa ita, ko gaisuwarsa ba a son amsawa a gaban mutane.

Bulama, mai unguwarmu, ya kira zama a zaurensa. Aka karɓi wayar Hajja, dattawa suka yi ta kallon bidiyo ɗaya bayan ɗaya, suna neman ko da gefen ƙofa ne ko reshen bishiya. Ba su ga komai ba sai shuɗin zane. Bulama ya ɗago ya ce shi bai ga laifi ba. Mallam Saleh ya ce wayar ba ta nuna ba, amma baki fa? Wa ya san wanda ta gaya wa? Ai kuwa babu mai iya buɗe bakin mutum ya duba abin da ya fita jiya.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Hajja ga Bulama, "tun ina goyon ɗana na fari nake shiga gidajen unguwar nan. Na san inda kowace take ajiye abinta. In da ni mai faɗi ce, da ba a kai yau ba."

Gaskiya ta faɗa, amma maganar ta ƙara firgita mutane, don sai a lokacin kowa ya tuna yawan abin da ta sani. Aka tashi ba a kama ta da komai ba, ba a kuma wanke ta ba. Daga ranar ƙofofi suka fara rufuwa. Ta yi sallama a ce matar gidan tana barci, alhali tana jin ƙarar tabaryarta. Wata ta aiko a goge bidiyon ragonta. Hajja ta daina fita. Maƙwabta sun ce ta rame, kuma ba rashin ciniki ne ya rame da ita ba, ciwon a ce gidajen da ta yi wa wankan jego yau suna ɓoye mata tunkiya ne. Ta yi kuka, ta gaya mini, ba ta ɓoye ba.

Halimatu Sadiya ce ta je ta same ta, duk da wan mijinta ya hana. Ita ma ba wai zuciyarta ta gama natsuwa ba ce, ta ce da ni akwai ranakun da takan zauna tana auna maganar Mallam Saleh. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Hajja, ban san wanda ya ɗauke shi ba. Amma labarinsa a bakinki yake. Ki sake faɗa."

Mutane suka ce haukan banza, bidiyo ya jawo sata, za a ƙara wani. Hajja ta shanya zanen a tsakar gidanta, babu dabba a gabansa, ta ajiye ƙwarya da ludayi. Ta sake ba da labarin jan maraƙin da ya sha kunu, ta ce an raba shi da uwar da ta rene shi, ta ƙwanƙwasa ludayin, ta bar wayar tana ɗaukar zane shi kaɗai. Ta tura wa mahauta da dillalai da direbobin da suka saba ɗaukar kaya daga Kasuwar Shanu.

Tanko direban tirela ne mai kai shanu kudu. Bai taɓa ganin Hajja ba, muryarta kawai ya sani. Ya tsaya lodi a wani ƙauye mai nisa da ba zan kama sunansa ba, ya tsuguna wurin mai kunu yana jiran a gama. Matar ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin ƙwarya don ta kaɗe shi. Cikin shanun da aka jera, wani ja ya ɗaga kai, ya finciki igiya har mai riƙonsa ya kusa faɗuwa. An shafa masa wani abu a goshi ya rufe tabon. Tanko ya miƙe. Ya karɓi ludayin ya sake ƙwanƙwasawa, san ya sake tahowa. Sai ya zagaya bayan mota ya kira 'yan sintiri, sannan ya kira Hajja.

Waɗanda aka kama ba su san wata Hajja Yelwa ba, ba su ma taɓa ganin bidiyon ba. Wani mai kawo harawa gidan ne ya nuna musu katangar. San ya dawo Yerimaram a rame, Halimatu ta dama masa kunu.

Kada mai karatu ya zaci shi ke nan kowa ya yarda. Mallam Saleh ya ce abin ya yi daidai da yawa, yaya aka yi labarinta ne kaɗai ya gano shi? Har yau akwai masu gyaɗa kai in ya faɗi haka a majalisa. Ƙofofin sun buɗe, amma a hankali, wasu ma rabi. Hajja ta koma yawonta ba ta yi wa kowa gori ba.

Hajja, ke ce kika san mu da halinmu, kika yi mana talla ba ki tona mana asiri ba. Kin shiga ɗakunanmu kin ga abin da ke ƙarƙashin gado, kika fito da labarin rago kawai. Mun zarge ki da zane, mun zarge ki da waya, da kika yi shiru muka zargi shirun. Mai zane, kin rufa mana, mu ba mu rufa miki ba, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Bana gwiwoyin Hajja sun ƙi. Likita ya ce ta daina hawa da sauka a keke, ta sanar cewa ta ajiye yawo, Halimatu Sadiya ce za ta ci gaba, don Hajja ta riga ta koya mata. Da layya ta gabato, sai ga mata suna turo ragunansu gidanta, tunda ita ba ta iya zuwa. Tsakar gidan ya cika da kuka da kashin raguna, tana zaune a kujera tana faɗa wa Halimatu ta ja zanen ya rufe bakin rijiya.

Ana cikin haka aka yi sallama a ƙofa. Mallam Saleh ne, riƙe da igiyar wani farin rago, yana kallon gefe kamar hanya ce ta biyo da shi. Bai ba da haƙuri ba, kuma ba na jin zai bayar. Ya dai aika a tambaya ko zanen yana nan. Matan suka zuba wa Hajja ido.

"A shigo da shi," ta ce. "A tambayi Mallam me yake ci, kuma wa ya rene shi."

Bidiyon ya fita washegari, rago ya samu mai saye. Na kalle shi, na sake kallo, ina neman inda za ta ɗan rama, ban samu ba.

Mun gode, Hajja Yelwa. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya saka miki da abin da mu muka kasa. Ku kuma matasan da kuka cika gari da wayoyi kuna haska gonar kowa da garken kowa har da lambar gida, ku je Yerimaram ku zauna kusa da kujerarta tun tana iya magana, ku ga abin da take nunawa da abin da take rufewa. Mutumin da ya kira ta infoma a gaban Bulama ya kawo mata ragonsa da hannunsa, kuma a cikin masu kallon bidiyon nan babu wanda ya san na wane ne.