Ɗigon da Maccido bai gani ba

Ranar wata Juma'a na ci kwalliya da farar shadda na biya garejin Maccido a Jega, na ga buhun albasa a shimfiɗe kan wani abu mai kama da kujera, na zauna da ƙarfina. Ashe daro ne cike da baƙin mai. Sai da mutum biyu suka ciro ni. Sallar ranar a sahun ƙarshe na yi ta, da aron riga.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Maccido bai yi dariya ba sai da ya ji ta wasu. Shi kuwa taubashina ne, ɗan gwaggona Inno, kuma tun muna yara a Kimba ko tuntuɓe na yi sai ya yi mako yana ba da labari. Yana tsaye taku biyar daga inda nake, yana tambaya: "Mi ya faru? Wa ya faɗi?"

Shekara talatin da wani abu yana bakanikanci. Ya fara da motocin da ke kwasar albasa daga Aliero, ya koma manyan injuna lokacin da ake aikin titi, har ta kai in katafila ta mutu ko'ina tsakanin Jega da Maiyama sai a ce a nemo Maccido. Bai yi boko ba. Injin yake sa wa kunne ya gaya maka ciwonsa. Gona bai da ita, shago bai da shi. Wannan sunan shi ke ciyar da matarsa Delu da 'ya'yansu mata huɗu.

A bana manoman Liba suka haɗa kai suka sayo wata tsohuwar katafila don su ɗaga gaɓar fadamarsu kafin ruwa ya sauka. Kwana biyu ta yi tana aiki ta yi tari ta mutu. Maccido ya je, ya sa aka ja ta ƙarƙashin wani maɗaci, ya rataya sarƙa a reshe, ƙarti takwas suka ja, injin ya fito yana lilo kamar sa a mahauta. Aka ɗora shi a mota zuwa Jega.

Daga nan ya sallami masu taya shi duka, ya ce surutu ya yi musu yawa. Sai ya aiko a kira ni, ni da ake biya in yi shiru.

"Bawana, zo ka riƙa mini fitila," in ji shi. Rana tsaka ce.

Mako biyu ina zuwa. Ya wargaza injin kaf, ya wanke komai da kalanzir, ya jera a kan buhuna, fistan shida kowanne da ringinsa da notinansa, kuma ba ya yarda ko kaza ta gitta. Na lura cewa da yatsa yake aiki. Zai shafa cikin silinda ya ce nan ta ci, ya shafa gaskit ya ce wannan jabu ne, a mayar. Sifana kuwa in ta faɗi sai ya yi ta lalube da ƙafa yana zagina wai na tsaya masa a haske.

Ranar haɗa giyoyin gaba asirin ya fito. Akwai wani ɗan ɗigo da aka buga a jikin kowace giya, bai kai ƙwayar gero ba, kuma dole ɗigo ya dubi ɗigo. In aka kuskure haƙori ɗaya, injin na iya cinye kansa a tashin farko. Tsufa ya shafe ɗigon har yatsa ba ya jin sa. Maccido ya kai fuskarsa har hancinsa na taɓa ƙarfe, ya daɗe, sannan ya miƙe.

"Sabo, duba mini. Ka ga wani ɗigo nan?"

Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Na dubi idonsa sosai, na ga fari-fari ya rufe baƙin.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ɗigo na tambaye ka."

Na duba. Ɗigo biyu na gani, ɗaya na gaske, ɗaya wataƙila cin tsatsa. Na zaɓi wanda ya fi zagaye, na nuna masa. Ya juya injin da hannu sau biyu yana saurare, ya ɗaure.

Muka mayar da shi Liba da hantsi, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mutanen gari sun kewaye maɗacin. Aka sauke injin a mazauninsa, aka haɗa, aka ba shi wuta. Ya yi gurnani, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama.

Kafin mu bar wurin wani Alhaji Aminullahi daga Aliero ya matso, ya ce yana da tasa katafilar da ta shekara a kwance. Maccido ya miƙa hannu gefen da mutumin ba ya tsaye, ya gyara da sauri, ya ce a kawo ranar Asabar.

Na ja shi bayan mota. "Ɗan Inno, wannan sa'a muka ci. Ni na san caca na yi da ɗigon nan. Ka je a duba idon nan, ko ka gaya wa mutane gaskiya tun kafin ƙarfe ya gaya musu."

Ya goge hannu da tsumma, ya juyo daidai inda muryata take.

"In na faɗa, kai za ka ciyar da Delu? Kai da idanunka biyu garau, mi kat taɓa tadawa in ba rigima ba? Asabar ka zo da wuri."