Yadda Kwamfutar Yaya Ta Koyi Sunayena

Ina aji biyu na sakandare Yayana ya kawo tsohuwar kwamfuta shagonsa da ke bakin layin dogo a Agege. Da rana yana buga wa mutane takardu, in babu kowa sai ya koma rubuta manhajar kwamfuta. Duk Asabar yakan bar mini kujerar har a ɗauke wuta.

Abin da ya tafi da hankalina shi ne yadda take ƙarasa masa magana. Zai buga haruffa uku, ya danna wasu maɓallai, sai dogon suna ya fito cif. Ni ma na rubuta 'yar manhajata mai zana jirgin ƙasa da taurari, na sa wa wani sashenta suna zanaTaragonJirgi. Na buga haruffa ukun farko, zan, na danna yadda yake dannawa. Kwamfutar ta yi ƙara kawai, ta ƙyale ni.

Da yatsa biyu nake bugu, dogayen sunaye na cinye mini Asabar, jirgin kuma bai ko samu taya ba. Tambaya a gaban kwastomomi kuwa ta fi ƙarfina. Sai na yanke cewa hadda take bukata, kamar mu a Islamiyya. Na dinga maimaita mata sunan, layi bayan layi, ina motsa baki a hankali.

Wata Asabar Yaya ya leƙo ta kafaɗata, da burodi a hannunsa.

"Malama, tilawa ake? Ɗalibar taki ta haddace kuwa?"

"Ta ƙi," na ce, idona a ƙasa.

Ya yi dariya har ya ƙware. Sannan ya buɗe wani ɗan fayil, wanda ke gaya wa kwamfutar fayilolin da za ta haɗa su zama manhaja. Daga waɗannan kaɗai take tsinto sunayen da take ƙarasawa, fayil ɗina kuma ba ya ciki.

"Oya, maza sa naki da hannunki."

Na rubuta shi a ƙarƙashin nasa, na ba da umarnin da ya faɗa mini. Cikin kwamfutar ya yi ƙugi kaɗan. Na buga zan, na danna.

Sunan ya fito gaba ɗaya, har manyan haruffan da na zaɓa. Ihun da na yi sai da mai gadin maƙwabta, wani Bazabarme, ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Kafin a ɗauke wuta ranar, jirgina ya samu tayoyi har da hayaƙi.