Ƙwaryar Gilashin Ummaru

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Ummaru. Motar shanu ɗaya muka shiga, ta faɗi da mu a hanyar dawowa daga Illela. Ni na fito da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, shi bai fito ba. Allah ya jiƙansa. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Mu mahauta ne tun kakanni. Ummaru kaɗai ya ƙi wuƙa. Ya fara da yankan gilashin taga a Unguwar Rogo, daga baya ya gina tanderu a bayan gida. Ya tsinto kwalaben lemo, ya farfasa, ya narka, ya hura da bututun ƙarfe. Abin da ke fitowa wani lokaci kofi ne, wani lokaci ba shi da suna. 'Yan unguwa suka sa masa Sarkin Kwalba. Ni ma haka nake kiransa.

Toka ce ta haɗa sana'armu. Gilashi in ya fito daga wuta ba ya son iska, tsagewa yake yi. Sai ya zo tukubar da nake gasa tsire, ya kwashi toka mai zafi, ya binne aikinsa har ya huce a hankali.

"Yaya, tokarka ta fi namanka amfani."

"Kwashi ka ba ni wuri."

Yana da wata ɗabi'a. In ya tono aiki daga toka ya wanke, sai ya ɗaga wa rana, ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka. Na ɗauka addu'a yake yi. Ban taɓa tambaya ba.

Aikinsa na ƙarshe ƙwarya ce ta gilashi, koriya, mai kauri, da 'yan kumfa a jikinta. Ni ya ba. Tun bayansa a ciki matata A'i ke dama mini fura, a ɗaki, inda yara ba za su ture ta ba. Wanki da toka da yashi har ya dusashe cikinta.

Bana ɗiyarsa Luba ta zo. Ita ta gaji tanderun, amma da gas take aiki, kuma wani gidan nuna ayyukan fasaha na Abuja ke ɗaukar kayanta. Gidan ya kama rumfa a baje kolin sana'o'in hannu da aka yi nan Sakkwato.

"Baba, ƙwaryar nika so, har a tashi baje kolin."

"Da mi zan sha hura?"

"Kwano ya ƙare gidan ga? Baba, ba wanda ya san sunan mahaifina sai masu yi mai dariya."

Wannan ta shige ni. Amma na san halin kayan da ya bar gida. Hajiyar da ke da gidan fasahar ta ce za ta sa inji ya goge cikin, kuma in na yarda ƙwaryar ta zauna Abuja. Na ce dusashewar nan hannun A'i ne, a bar shi. Abuja kuma ba ta zuwa. Ta yarda, ba da daɗin rai ba.

Na je da sandata. Na wuce dukawa da masaƙa, na iske rumfar. Sun aza ƙwaryar a kan farin katako, da 'yar takarda a gefe. Luba ta karanta mini: kada a taɓa. Abin da bakina ya saba da shi.

Sai na lura mutanen da ke tsaye ba ƙwaryar suke kallo ba, ƙasa suke kallo. Fitila na sama, haskenta ya ratsa gilashin ya zuba a kan katakon, kore shar, kamar ruwan gulbi in ya kwanta bayan damina. Kowace kumfa da 'yar inuwarta. A nan na gane abin da Ummaru ke sunkuyawa yana kallo. Shekarun nan duka abin yana ɗakina, a duhu.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Takardar za ta ba shi dariya. Gas ɗin Luba zai raina da baki, ya koma da dabara yana koyo. Cikin masu kallo har da maƙwabcinmu da ya fara kiransa Sarkin Kwalba. Ya daɗe tsaye yana kallo. Ina jin wannan zai fi yi wa Ummaru daɗi.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar ɗiya mai hura wuta, da ƙwarya ɗaya. Ƙwaryar ta dawo. In na mutu, Luba ta kai ta inda take so.

Yanzu bakin ƙofa nake shan furata, da hantsi. In na gama na ɗauraye, sai in ɗaga ta sama, in sunkuyar da kai. Ran nan A'i ta leƙo ta ce, "Malam, addu'a kaka yi?"

Na ce mata i.