Ƙofar da ta ƙi buɗewa ga Sodangi mai bidiyo

Shekara goma sha huɗu Sodangi ya yi yana ɗaukar bidiyon biki da suna a ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, da kyamara rataye a wuya, bisa tsohon babur ɗinsa. Bai taɓa goge aikin kowa ba. Duk abin da ya ɗauka yana cikin faifan ajiya guda ɗaya a shagonsa na Kaura Namoda.

Da rashin tsaro ya watsa ƙauyukan, sai mutane suka fara zuwa shagon suna neman fuskokin waɗanda suka rasa. A lokacin ne faifan ya fara wata 'yar ƙara, ƙyas-ƙyas. Sodangi ya tsorata. Ya kira amininsa Misbahu, malamin kwamfuta a Kaduna.

"Kada ka hau hanya da shi, shi kaɗai gare ka," in ji Misbahu. "Sa manhajar tura fayil, in jawo su daga nan."

Manhajar ta hau, amma ta nuna jan ɗigo: ƙofa a rufe. Misbahu ya yi masa bayani cewa rauta, wato na'urar da ke ba shi intanet, ba ta barin na waje ya shigo sai an buɗe masa ƙofa mai lamba. Sodangi ya shiga saitin rautar, ya rubuta lambar. Ja. Ya ba kwamfutar adireshin intanet da ba ya canzawa, ya sake gwadawa. Ya kashe katangar tsaron kwamfutar, wadda suke kira fayawol. Ɗigon bai sauya ba. Fayilolin dai suna tafiya ta wata hanyar zagaye, amma bidiyo ɗaya sai ya ci yini biyu.

A sati na uku Misbahu ya ce ya karanto masa adireshin da rautar ta samu. Da Misbahu ya ji, sai ya gane matsalar.

"Ba laifinka ba ne, Sodangi. Kamfanin layin ya haɗa ku da yawa a adireshi ɗaya. Ƙofar tana wajensu. Nawa layin ma haka yake."

Suka yanke shawara Misbahu ya aiko da sabon faifai ranar kasuwa, a kwafe bidiyon a ciki. Saura kwana biyu ya iso, bayan sallar La'asar, tsohon faifan ya yi ƙara sau uku ya tsaya. Bidiyo goma sha ɗaya suka tsira cikin ɗari huɗu da wani abu.

Bayan kwana huɗu wata mata mai suna Rahina ta zo daga Kasuwar Daji, inda take gudun hijira. Bidiyon sunan ɗiyarta take so, don muryar marigayi mijinta na ciki.

Sodangi ya duba jerin bidiyon da suka tsira sau biyu, ko da yake ya san amsar.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Babu shi."

"To, Malam, kai da ka ɗauka, mi ya ce ranar?"

Ya tuna mutumin: dogo, mai wushirya, ya yi ta tsokanar mahaucin da ya makara. Ya ba ta labarin iyakar abin da ya riƙe. Ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, ta gyara mayafinta ta fita neman babur.

Har yau Sodangi yana buɗe shagon, amma hoton fasfo kawai yake ɗauka.