Kifin Hajara Ya Je Jami'a

Madarumfa zuwa Maraɗi

Ƙarfe huɗu na asubahin Litinin muka fito, ni da mai ɗakina Hajara, da kwanon soyayyen kifi na tsaraba. Ban so tafiyar ba. Shekara uku ke nan da aka cire mata nono saboda ciwon daji. Ta warke, amma ba wanda ya ƙara sayen kifinta a bakin tabki, wai ana ɗauka. Ta kife kasko ta shige ɗaki. Sai ga kiran wata Farfesa daga Yamai, wai bincike take kan zaman waɗanda suka warke. Na ce wannan kuma sana'a ce?

Maraɗi zuwa Yamai

Biyar da rabi kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta tashi. A Ƙonni direba ya ji ƙamshi, ya ce ko tsarabar ba ta fasuwa? Hajara ta ƙara rufe kwanon da gyale. Jandarma suka duba takardunmu a Dogon Dutsi. Da magariba muka isa, ƙugu kamar ba nawa ba. Gidan wani ɗan Safo, garin da ke kusa da namu, muka kwana.

Yamai

Talata ƙarfe tara muka shiga wajen Farfesa. 'Yar gajeruwa ce, ita ke kan koyarwar ɗaliban likitanci, manyan malamai na miƙe mata. Ba ta nemi ganin tabo ba. Gaban ɗalibanta ta tambayi Hajara wa ke shigo mata, wa ke cin girkinta. Hajara ta dube ni. Farfesa ta juyo kaina.

"Malam Idi, kai fa?"

Ban iya ƙarya ba. Na ce gidan wana nake ci.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Hannu ta wanke, ta buɗe kwanon, ta ci kifin har da kai. Ta gaya wa ɗaliban aikin wuƙa na yini ɗaya ne, wannan da suke gani shi ne na shekaru, kuma shi za ta tambaye su. Sannan ta turo mini kwanon.

Na ci. Yajin nan nata bai canza ba.

Gida

Alhamis bayan la'asar muka sauka Madarumfa lafiya, godiya ga Allah, ga Farfesa, da ɗan Safo. Juma'a Hajara ta ɗora kasko. Ni na fara saye, na zauna bakin hanyar masallaci inda kowa zai gan ni, na cinye.